Tukunyar Jafanawa da Hannun Mahaifina

Mahaifina marini ne. Na fara da wannan magana ne saboda shekara uku na yi ina aiki a zauren baje kolin fasaha na wata jami'a a Hartum ban taɓa furta ta ga kowa ba. Idan muka zagaye kwanon wake da hantsi aka tambayi sana'ar ubana, sai in ce ɗan kasuwa ne a Umdurman, in yi sauri in cika bakina da burodi kafin a ƙaro wata tambayar.

Kakana ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa da niyyar Makka. Ya sauke farali, a hanyar komowa guzuri ya ƙare, ya yada zango a bakin Nilu, zangon da bai tashi ba har Allah ya karɓi abinsa. Gadon da ya bar wa ɗansa shi ne rini da harshen Hausa. A Umdurman aka binne cibiyar mahaifina, a nan aka binne tawa, amma duk da haka Fallata ake ce mana, kuma ana jefo sunan ne yadda ake korar akuya daga rumfar mai tumatir. A ofis kullum da sabon barkwancin da za a yi a kan mutanenmu: masu tallan gyaɗa, masu yankan farce, masu wanki. Ni kuwa ina zaune a tsakiyarsu da Larabcina tsaf, babu ko gargada. Ina dariya tare da su. Wata rana ma dariyata ta fi ta kowa ƙarfi, kuma idan na tuna haka har yau sai in ji kamar in mari kaina.

Aikin nawa na wucin gadi ne. Ni ne mai rubuta takardun bango da yi wa baƙi tafinta da Turanci, ina jiran shugaban zauren, wanda muke kira Mudir, ya sa hannu a tabbatar da ni. Takardar tana cikin aljihun teburinsa, ya sani, na sani. Wani magatakarda ya taɓa raɗa mini, ba tare da sanin da wa yake magana ba, cewa irin waɗancan mutanen, wato Fallata, idan takardunsu suka zo sai an sake tone asalinsu har kaka da kakanni, ko da suna riƙe da shaidar zama 'yan ƙasa. Na gyaɗa kai na ce ai ya kamata.

A cikin wannan hali aka ce baƙi za su zo daga Jafan su baje kayan gargajiyarsu. Jami'a ta ɗauki harama kamar za a yi bikin 'yar gata. Aka yi fenti, aka gyara na'urar sanyaya ɗaki da ta shekara biyu a mace. Akwatuna suka iso: zane-zanen duwatsu da tsuntsaye a kan doguwar takarda, 'yan kofunan yumɓu, manyan ganguna, da wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa da ake kwantar da shi a ƙasa. Amma abin da aka fi kwarzantawa shi ne rini. An turo wani tsoho, gwanin marinan garinsu, mako uku kafin buɗewa, don ya haɗa tukunyar shuni ya rina ƙyalle a gaban jama'a.

Ranar da na fara ganinsa, hannunsa na kalla. Shuɗi ne har wuyan hannu, faratan kuwa sun koma kusan baƙi. Irin hannun da ya goya ni ke nan. Na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Kwana tara da haɗa tukunya, ba ta tashi ba. Ruwan ya yi toka-toka, babu kumfa, sai wani wari mai tsami. Tsohon yana da wata 'yar'uwarsa matashiya mai jin Turanci, ita ta yi mini bayani. A garinsu da giyar shinkafa suke ciyar da tukunya, to a shekarun nan an hana giya a ƙasarmu, kwalaben da ya taho da su ba su wuce filin jirgi ba. Ya gwada dusa, ya gwada sukari, shiru. Ga shi Mudir ya dage sai an girke tukunyar a tsakiyar zaure, daidai bakin na'urar sanyi, wai a nan ta fi kyan gani. Aka kira malamai biyu daga sashen kimiyya, suka ɗebi ruwan a 'yar kwalba, suka tafi, ba mu sake ganin ƙeyarsu ba. Tsohon ya daina cin abinci. Yakan zauna a gefen tukunya ya dafa ta kamar mai jinya.

Ni na san wanda zai iya. A bayan gidanmu, kusa da randar ruwa, akwai tukunyar shuni guda da mahaifina ya ƙi rabuwa da ita, duk da cewa aikin da ke ciyar da mu ya koma na garin rini na kanti, ana rina wa matan gari mayafai ja da ruwan hoda. Kwana biyu ina juya abin a raina. Tausayin tsohon yana ciki, ba zan hana kaina wannan ba. Amma abin da ya fi nauyi shi ne na hango idan na ceci bikin Mudir, takardata za ta fito daga aljihun tebur.

Ga kuma lissafin da na yi, wanda shi ne mafi muni. Ni ne ɗan fari. Mahaifina mutum ne mai alkunya irin ta mutanen dā: tunda aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa nuna ni a gaban mutane ya ce ga ɗansa ba. "Kai" yake ce mini, idan kuma zai yi maganata da wani sai ya ce "wancan". Ranar da na ci jarrabawar shiga jami'a unguwa ta cika gidanmu, shi kuwa ya ɗauki buta ya fice masallaci kamar ba a gidansa ake guɗa ba. Na san ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai buɗe baki a jami'a ya ce ni ɗansa ne ba. Wato na ɗauki kunyar ubana na yi mayafi da ita.

Na same shi bayan la'asar yana matse wani mayafi. Na gaya masa halin da ake ciki. Bai tambayi ko nawa za a ba shi ba.

"Kwana nawa da haɗa ta?"

"Goma sha ɗaya, Baba."

"Subhanallahi. Kuma baƙo ne? Halas, shi ke nan, gobe da safe ma je."

Na tsaya ina murza hula. "Baba, can wurin, Larabci kawai ake yi."

Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kai ga mayafinsa. "Na ji," ya ce.

Ga Mudir kuwa cewa na yi na samo wani dattijo a unguwarmu mai ɗan taɓa rini. Ya yatsina fuska ya ce in shigo da shi ta ƙofar baya.

Abin da ya faru da safen nan ban taɓa ganin irinsa ba. Mahaifina ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya nufi tukunya. Tsoffin biyu suka dubi hannun juna, shi ke nan gaisuwa ta ƙare. Ya tsuguna ya sunsuna, ya tsoma yatsa ya murza, sannan ya ɗora a harshe. Mudir da ke tsaye nesa ya toshe hanci da hankici. Shi kuwa baƙon sai ya tafa hannu, ya nuna harshensa, ya nuna ƙirjinsa: ashe su ma haka suke yi. Mahaifina ya ce da Larabci, "Ba ta mutu ba. Yunwa take ji, ga kuma sanyi. Wa ya ajiye tukunya a cikin wannan ƙanƙara?"

Ya sa aka ciccibe ta zuwa tsakar gidan baya inda rana take bugawa, ya naɗe ta da buhuna. Ya kwance ƙullin da ya zo da shi: busasshen dabino, kanwa, da tokar itace da ya tace tun asuba. Ya dafa dabinon ya dama, ya zuba kaɗan-kaɗan yana juyawa a hankali. Kwana huɗu yana hawa motar haya ya ƙetaro gadar Nilu daga Umdurman da sassafe, ya bar aikinsa. Shi da baƙon sukan zauna a inuwar bishiyar bedi babu mai jin yaren wani, amma hira suke yi da hannu har da dariya. Ni ina kai da kawowa da takardu a hammata, idan na zo wucewa in ce masa "Sannu, ya Hajji" da Larabci, shi kuma ya amsa, "Allah ya yi albarka, ya ustaz." Ustaz! Mutumin da ya wanke mini kashi.

A rana ta huɗu tukunya ta tashi. Kumfa mai ruwan makuba ta taru a tsakiya, saman ruwan yana ƙyalli kamar jan ƙarfe. Baƙon ya tsoma ɗan ƙyalle ya fito da shi kore, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a kan idonmu. Tsohon ya yi ta sunkuya wa mahaifina har na ji tsoron bayansa. Ta bakin 'yar'uwarsa ya roƙi lallai mahaifina ya zo ranar buɗewa. Na fassara, ina addu'a a zuci kada ya zo.

Ya zo. Ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a da rawani, ya kuma yi abin da duk Bahaushe zai yi wa baƙon da ya zo garinsu: ya biya wajen mai nama ya sa aka gasa agashe, wato tsiren garin, mai zafi, da ƙuli da yaji, aka naɗe masa a takarda. A Hartum kuwa ko makaho ya ji ƙamshin agashe ya san daga hannun su wa ya fito. Mai gadi ya tare shi a babbar ƙofa ya ce ba a talla a nan. Ina hango su ta taga. Ban fita ba. Sai da ya zagaya ta baya, ya tuɓe takalmi kamar kullum, ya raɓe a ƙarshen zaure bayan kujeru da ƙunshinsa a hannu.

Zaure ya cika da manya: malamai, jakadu, matansu cikin turare. Aka buga manyan gangunan nan har gilashin taga yana rawa. Wasu mata biyu cikin riguna masu faɗin hannu suka durƙusa suka kaɗa abin kiɗan nan na ƙasa, kuma gaskiya ya yi daɗi, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sannan wata ta haɗa shayi. Kusan rabin sa'a ana goge cokali ana juya kofi kafin a samu kurɓi ɗaya. Mutanen da a bakin titi idan mai shayi ta yi jinkirin minti biyu sai sun ɗaga mata murya, ga su nan sun yi tsit suna gyaɗa kai kamar masu sauraron tafsiri. Baƙin ba su yi mini laifin komai ba, al'adarsu suka nuna kuma sun girmama ta. Namu ne suka ba ni haushi.

Sai Mudir ya hau mumbari. Ya yabi zurfin wayewar Gabas. Ya ce abin takaici ne a ƙasarmu ba mu da sana'ar hannu mai irin wannan tsari da ilimi, sai 'yan kame-kame na mutanen karkara. Ya ce tukunyar shunin ta gamu da matsala saboda yanayi, amma da ƙoƙarin zaurenmu da shawarar masananmu an shawo kanta. Aka yi tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Mutumin da ya toshe hanci, mutumin da da kansa ya kusa kashe tukunyar da sanyinsa. Tafiyar rabin sa'a daga inda yake tsaye akwai marina da maƙera da dukawa da suka girmi jami'arsa, bai taɓa taka ƙafa can ba, sai da aka ɗoro sana'ar a jirgin sama aka kawo masa da takardar jakada sannan ta zama ilimi. Kuma da wannan bakin nawa na juya jawabin zuwa Turanci, kalma bayan kalma, ban rage ko ɗaya ba.

'Yar'uwar tsohon ta raɗa masa abin da aka ce. Na ga fuskarsa ta canza. Aka kira shi ya fara rini, sai ya ƙi taɓa tukunya. Ya sauko daga dandamali, ƙafarsa ba takalmi, ya ratsa tsakanin kujeru yana dube-dube har ƙarshen zaure. Ya kamo hannun mahaifina ya jawo shi gaba. A duk zauren nan su biyu ne kaɗai marasa takalmi. Mahaifina ya miƙa masa ƙunshin agashe, ya karɓa da hannu biyu ya sunkuya, ƙamshin ƙuli ya gauraye da turaren matan jakadu. Wasu suka fara ƙus-ƙus, na ji wani a bayana ya ce, "Fallata har nan?"

Tsohon ya ɗaga hannun mahaifina sama tare da nasa, shuɗi da shuɗi. Mai ɗaukar hoto ya haska. Sannan ya yi magana, 'yar'uwarsa ta faɗa da Turanci, ni kuma dole na faɗa da Larabci: wannan mutum shi ya tashi tukunyar, kuma yana so a gaban kowa ya ji daga wurin wa ya koya, da yadda suke gane tukunya ta ƙoshi.

Mahaifina yana jin Larabci sarai, da shi yake ciniki. Amma sana'arsa da Hausa ya koye ta, kuma bai taɓa tsayawa gaban taro irin wannan ba. Ya fara da Larabci, ya sarƙe, sai harshen ubansa ya kufce masa. Ya manta da kujeru da jakadu. Ya ce ubansa ne ya koya masa, shi ma daga nasa uban, a marinar garinsu can ƙasar Kano. Ya ce tukunya rai gare ta, ana jin lafiyarta a santsin yatsa da ɗacin harshe, ba a yi mata gaggawa, ba a zuwa mata da fushi. Ya ce ubansa ne ya fara ba ta dabino da ya zo ƙasar da babu irin abin da suka saba. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba. Da ya gama sai ya juyo ya dube ni, domin ni ne tafinta, kuma duk zauren ni kaɗai na ji abin da ya ce.

Mudir ma ni yake kallo, da ɗan murmushi. "Ya ustaz," ya ce da ƙarfi, "kana jin wannan yaren ne?"

Da ban yi tunani ba, da na ce shaiɗan ne. Na san abin da nake yi. Na hango aljihun teburin nan, na ce da Larabcina mai kyau, "A'a, ya Mudir. Ba na ji."

Mudir bai sake ni ba. "To ai kai ka kawo shi. Na ga ma kamar kuna ɗibar kama. Ba danginka ba ne?" Wasu suka yi dariya.

Kafin in buɗe baki mahaifina ya riga ni. Ya gyara tsayuwa, ya yi magana da Larabci a natse, yadda na bayan zaure ma zai ji.

"Ba ɗana ba ne, ranka ya daɗe. Ɗan maƙwabta ne, mutanen kirki. Ba ya jin maganarmu. Ku yi haƙuri, tsufa ne ya sa na manta." Sannan ya taƙaita duk abin da ya faɗa a jimla ɗaya: ya koya a wurin ubansa, kuma dabino ya zuba. Ita na fassara wa baƙon.

Shekarata ashirin da bakwai a lokacin. A duk tsawonsu ban taɓa jin kalmar "ɗana" ta fito daga bakinsa a kaina ba sai ranar, kuma ya faɗe ta ne don ya cire ni daga jikinsa in samu aiki.

Aka yi rini, aka yi tafi, aka sha lemo. Bayan 'yan makonni takardata ta fito da sa hannun Mudir, har da yabo a kan ƙwazona. Hoton hannayen nan biyu ya shiga ɗan littafin bikin, a ƙarƙashinsa aka rubuta sunan baƙon cikakke, sai kuma "tare da ɗaya daga cikin ma'aikata". Ni aka ba gyaran rubutun kafin a kai maɗaba'a. Na gyara waƙafi biyu na mayar.

Yanzu kowa ya san ni Bahaushe ne. Ina faɗa a taro, ina faɗa wa ɗalibai, har nakan yi faɗa da mai barkwancin Fallata. Amma na fara wannan jarumtar ne bayan na samu kujerar da ba mai iya ture ni, bayan Mudir ya yi ritaya, bayan mahaifina ya kwanta dama. Ihu bayan hari ke nan. Ina jin haushin Mudir, ina jin haushin mai gadi da wanda ya yi ƙus-ƙus a bayana da duk garin da ya koya wa yaro jin kunyar hannun ubansa. Sai dai duk cikinsu babu wanda ya ci tuwon da hannun nan ya nemo, ni na ci.

Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya, ko ga mahaifiyata. Abin da ya shiga tsakaninmu kawai shi ne na ranar. Da taro ya watse na bi shi a guje ta ƙofar baya, na same shi yana sa takalmi. Na ce, "Baba," da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, ina waige. Ya ga waigen.

"Kai, koma ciki," ya ce. "Kada a gan ka tsaye da ni. Ka gaya wa baƙon tukunyar ta sha aiki yau, gobe ya ƙara mata dabino uku, ya bar ta ta huta."

Ya saɓa gefen rawaninsa ya nufi tashar motar Umdurman. Ni kuma na koma ciki na gaya wa baƙon.